Ruwan liƙi da gasket ɗin kan inji: abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Watannin Afrilu da Mayu su ne lokacin da injuna suka fi shan wahala a ƙasar Damagaram. Zafin rana yakan wuce digiri 40 a ma'auni. A cikin wannan zafi ne motoci suke ɗauko kayan garka daga Mirya da Gidimuni, da rake daga wajen Matamaye, su kawo Kasuwar Dole. A cikinsa ne kuma injunan niƙa suke aiki tun safe har dare a Zango da Birni. Idan injin mota ya tafasa a hanya, tumatir ba ya jiran makanike. Idan injin niƙa ya tsaya, mata su koma turmi, mai inji kuma ya kwana babu ciniki.

Ɗaya daga cikin cututtukan da zafi yake kawo wa inji shi ne ƙonewar gasket ɗin kai. Makanikanmu da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa juwan kilas, na wajen Kano kuma suna cewa gasket. Abu ɗaya ne. Akwai wani ruwa da ake sayarwa a kwalba ko a gwangwani, ana cewa in an zuba shi a lagireto zai liƙe gasket ɗin ba tare da an kwance inji ba. Mu a nan za mu kira shi ruwan liƙi. Mutane suna tambaya: gaskiya ne ko yaudara? Amsar ita ce yana aiki a wani wuri, a wani wuri kuma asarar kuɗi ne, har ma yakan ƙara ɓarna. Sai mun san yadda inji yake kafin mu iya rarrabewa.

Mene ne gasket ɗin kai?

Inji yana da manyan sassa biyu. Akwai gangar jiki a ƙasa, inda ramukan silinda suke, fistin yana hawa yana sauka a cikinsu. Akwai kai a sama, wanda yake rufe ramukan nan kamar yadda murfi yake rufe tukunya. Ana ɗaure kan da gangar jikin da manyan notuna. Amma ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗuwa ruf, komai santsinsu. Saboda haka ake shimfiɗa wani siririn faifai a tsakaninsu. Kaurinsa bai fi milimita 1 zuwa 2 ba. Shi ne gasket.

Wannan faifai yana tsare abubuwa uku kada su haɗu. Na farko wutar da take tashi a cikin silinda idan mai ya ƙone. Na biyu ruwan da yake zagayawa yana sanyaya inji. Na uku baƙin mai, wato man da yake sa ƙarafa su yi santsi. Kowane yana da tasa hanyar, hanyoyin kuma duk suna ratsa faifan nan kusa da juna. Mu ɗauka kamar kunyoyin ban-ruwa ne a garka: in gaɓa ta fashe, ruwan wannan kwami sai ya faɗa wancan.

Inji mai lafiya yana aiki da ruwa mai zafin digiri 85 zuwa 95. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 100. Murfin lagireto yana matse ruwan, shi ya sa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan ruwa ya ƙare ko ya daina zagayawa, zafi ya wuce iyaka, ƙarfen kai yana kumbura. A motoci da yawa, kamar tsohuwar Peugeot 504 mai shan esansi da muka sani a tashoshinmu, an yi kan da alminiyum, irin ƙarfen tukwanenmu na ƙira, gangar jikin kuma da baƙin ƙarfe. Alminiyum yana kumbura kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe idan sun sha zafi ɗaya. To, sai kan ya lanƙwashe kaɗan, ya matse faifan a wani gefe, ya sake shi a wani gefe. Nan ne wuta take samun ƙofa.

Abin lura shi ne, gasket ba ya cika ƙonewa haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya riga shi lalacewa: bel ɗin fanka ya tsinke, ko tiyo yana yoyo, ko famfon ruwa ya gaji, ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireto. Akwai kuma laifin ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na tabki yana ɗauke da laka da gishiri. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da yake manne a ciki. Irinsa ne yake taruwa a siraran hanyoyin lagireto har ruwa ya kasa wucewa.

Yadda za mu gane shi

Alama ta farko ita ce ruwa yana raguwa kullum, amma ba a ga inda yake ɗiga a ƙasa ba. Ruwan yana shiga silinda ne, yana fita ta salansa. Shi ya sa ake ganin farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko bayan inji ya yi zafi. A nan mu yi hankali. Da sanyin safiya a lokacin ɗari, kowace mota tana fitar da ɗan farin tururi na mintoci kaɗan, wannan ba ciwo ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne yake ƙonewa, baƙin hayaƙi kuma mai ne ya yi yawa. A injin gazuwal ma akan ga farin hayaƙi mai yaji a ido da warin gazuwal, wannan man da bai ƙone ba ne.

Alama ta biyu kowa zai iya dubawa da kansa. Da safe, tun inji yana da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa har wuya, a tada inji a bar shi yana aiki a tsaye. A tsaya gefe a kalli ruwan. Idan ƙwayoyin iska suna ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko ruwan yana tunkuɗowa waje tun bai yi zafi ba, to iskar silinda ce take shiga hanyar ruwa. A wasu manyan garaji akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto. In hayaƙin inji ya taɓa shi, launinsa yana juyawa zuwa ruwan ɗorawa ko kore.

Alama ta uku tana jikin sandar awon mai. A zaro ta a duba. Baƙin mai mai lafiya launinsa kamar zuma ne ko baƙi. Idan ya zama kamar shayi da madara, ko kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga cikinsa. Wannan ita ce alama mafi muni, kuma a ganinmu duk wanda ya gan ta ya kashe inji nan take. Man da ya gauraya da ruwa ba ya hana ƙarafa cin juna. Tafiyar kilomita kaɗan tana iya cinye ƙarafan ƙasan inji, gyaran da zai tsaya a kai kaɗai ya koma na inji dukansa.

Me ke cikin kwalbar?

Ruwan liƙi iri-iri ne. Sunayen da aka sani a duniya sun haɗa da Bar's Leaks da K-Seal da Holts, amma abin da ke ciki ya fi suna muhimmanci. Iri na farko yana ɗauke da wani sinadari da ake kira silikat, Turawa kuma suna yi masa laƙabi da gilashin ruwa. Ana yin sa ne ta hanyar narka yashi tare da wani gishiri ɗan'uwan kanwa a wuta mai tsanani. Muddin yana cikin ruwa, ruwa-ruwa yake. Idan ya isa wurin da ya fi zafi, wato bakin tsagar da wuta take fitowa, sai ruwan jikinsa ya ƙafe, ya daskare kamar gilashi ya cike tsagar. Wannan daskarewa tana farawa daga wajen digiri 100 zuwa 105.

Iri na biyu yana ɗauke da 'yan ƙananan zaruruwa da garin tagulla ko na wasu abubuwa masu tauri. Ruwa yana kwasarsu zuwa inda yake yoyo, su taru su toshe, kamar yadda ciyawa da ganye suke toshe bakin magudana. Wani abin mamaki shi ne, kamfanin General Motors na Amurka ya daɗe yana ba makanikansa wasu ƙwayoyi na sakawa a lagireto, waɗanda aka yi da garin citta da ɓawon 'ya'yan itace. Kamfanin Subaru na Japan ma, a farkon shekarun 2000, ya umarci a riƙa zuba irin wannan ruwa a wasu motocinsa da gasket ɗinsu yake tsatsafar ruwa ta waje. Ke nan abin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma mu lura da irin ciwon da waɗannan kamfanoni suka yi wa magani da shi: tsatsafa ce 'yar kaɗan, ba ɓarakar da wuta ta yi ba.

Kada jin sunan citta da kanwa ya sa wani ya ce zai haɗa nasa a gida. Kanwa tana cin alminiyum. Ɗanyen ƙwai da garin masoro da wasu direbobi suke zubawa sukan tsayar da ɗigon lagireto na 'yan awoyi, amma ba sa iya tsayawa gaban wutar silinda.

Inda ba ya amfani

Ruwan liƙi yana tafiya ne a cikin ruwan lagireto. Inda ruwa bai kai ba, shi ma ba ya kaiwa. Wannan magana ɗaya ta isa ta warware tambayoyi da yawa.

Mu fara da ɗan injin ban-ruwa mai shan esansi, wanda masu garka suke ɗauka a kan amalanke ko a bayan babur. Yawancin irinsa iska ce take sanyaya su. Ba su da lagireto, ba su da ruwa a jiki. Haka yawancin baburanmu. In gasket ɗinsu ya ƙone, za a ji ƙarfi ya ragu, a ji huci a gefen kai, a ga baƙin mai yana tsatsafa. Babu inda za a zuba ruwan liƙi a cikinsu. Wani yakan ce to a zuba a ramin baƙin mai. Kul! Ga abin da ya faru a Amurka a shekarar 2009. Gwamnati ta yi shirin karɓar tsofaffin motoci masu shan mai da yawa, ta ba masu su rangwame su sayi sababbi. An karɓi motoci kusan 700,000. Don kada injunansu su koma kasuwa, sai aka umarci a tsiyaye baƙin mai, a zuba ruwan silikat wajen lita 2 a madadinsa, a tada inji. Cikin 'yan mintoci inji yake ƙamewa, ba ya sake tashi har abada. Sinadarin da ake liƙi da shi a hanyar ruwa, shi ne makashin inji a hanyar mai.

Sai injin niƙa mai silinda ɗaya, mai shan gazuwal, irin mai buɗaɗɗen tankin ruwa a bisa kansa ko mai duro a gefe. Wannan yana da ruwa, amma a yawancinsu babu famfon da yake kora ruwan da ƙarfi, kuma babu murfi mai matsewa. Abin da aka zuba yakan kwanta ne a ƙasa ya zama laka. Ban da haka, gasket ɗin irin wannan inji ƙarami ne, notunan kansa kaɗan ne, makanike da ya san aiki yana gamawa a yini ɗaya. Shawararmu ga mai injin niƙa ita ce ya canza gasket, kada ya sayi kwalba.

A mota ma akwai wuraren da ya fi ƙarfinsa. Idan faifan ya ƙone tsakanin silinda biyu maƙwabta, iska ce take wucewa daga wannan zuwa wancan, ruwa ba ya wurin. Idan ruwa ya riga ya gauraya da baƙin mai, zuba ruwan liƙi haɗari ne, domin yana iya bin tsagar ya faɗa cikin mai. Idan kan ya lanƙwashe sosai ko ya tsage, ratar ta fi abin da zai iya cikewa. Idan mota ba ta iya aiki a tsaye na minti 20 ba tare da ta tafasa ko ta tofar da ruwanta ba, ɓarakar babba ce, iskar silinda za ta riƙa ture maganin kafin ya kama. Injin gazuwal ya fi wuya a nan, domin yana matse iska sau 16 zuwa 22, alhali na esansi yana matsewa wajen sau 8 zuwa 11.

To, ina yake amfani? Yana amfani idan ciwon sabo ne kuma ƙarami: ruwa yana raguwa a hankali cikin kwanaki, ko ana ganin 'yar jiƙa a gefen inji inda kai ya haɗu da gangar jiki, baƙin mai yana da tsabta, mota kuma tana tashi tana tafiya. A nan yana iya riƙewa na makonni ko watanni. Babu mai iya rantsewa a kan tsawon lokacin. Mu a ganinmu amfaninsa biyu ne. Yana iya kawo motar da ta lalace a ƙauye zuwa garaji a gari. Yana kuma iya ba mai tsohuwar mota ɗan lokaci ya gama jigilar kaka ya tara kuɗin gyara. Amma wanda zai kama hanyar Tanut zuwa Agadas, tafiyar kusan kilomita 450 daga Damagaram, da fasinja a baya, yana dogaro da kwalbar liƙi, ya sa rayukan mutane cikin haɗari. Kakanninmu da suke tada ayari daga Zango ba sa ɗora kaya a kan raƙumi mai ɗingishi su nufi arewa.

In za a zuba, yaya ake yi?

Kafin komai a karanta takardar da ke jikin kwalbar. Yawanci da Ingilishi ko Faransanci take. Wanda bai iya ba ya nemi wanda zai karanta masa daga farko har ƙarshe, domin ƙa'idar wannan ba ita ce ta wancan ba. Wasu ana zuba su kai tsaye a kan ruwan da ke ciki. Wasu, musamman tsofaffin masu silikat, ba sa jituwa da ruwan sanyaya inji mai launin kore ko ja da ake sayarwa a jarka. In sun haɗu sai su yi kauri kamar koko su toshe lagireto. Irin waɗannan sai an tsiyaye tsohon ruwa, an wanke da ruwa mai tsabta har ya fito garau. Wasu kuma suna son a cire tamostat, wato ɗan makullin da yake buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, a mayar da shi bayan an gama.

A yi aikin inji yana da sanyi, kuma a fili. A girgiza kwalbar sosai. A zuba a hankali a bakin lagireto, gwargwadon da takarda ta faɗa. Ƙaramar mota tana ɗaukar ruwa wajen lita 5 zuwa 8, babbar mota ta fi haka nesa, shi ya sa awon ya bambanta. A cika da ruwa mai tsabta, a rufe murfi. In motar tana da hita, a buɗe ta har ƙarshe don ruwa ya zagaya ko'ina. A tada inji a bar shi a tsaye tsawon lokacin da aka rubuta. Wasu minti 15 ne, wasu har minti 50. Duk tsawon lokacin ido yana kan allurar zafi. In ta nufi ja, a kashe. Bayan an gama a bar inji ya huce sarai, a ƙara ruwa, sannan a yi kwana biyu ko uku ana tafiya a hankali ba da kaya mai nauyi ba, ana duba ruwa da sandar mai kowace safiya.

In kwalba ɗaya ba ta yi ba, kada a ƙara ta biyu. Hanyoyin cikin lagireto sirara ne ƙwarai. Abin da ya iya toshe tsaga yana iya toshe su. Sai a wayi gari gasket bai liƙe ba, ga lagireto ya toshe, zafi ya ƙaru, kuɗin gyara ya ninka.

Mai sayen tsohuwar mota ma ya yi hattara. Akwai masu zuba wannan ruwa don ɓoye ciwo har a gama ciniki. A buɗe murfin lagireto a duba. In an ga ƙyalli-ƙyallin garin tagulla, ko laka mai danƙo a jikin murfin, a yi tambaya.

Lafiyar jikinmu

Wannan aiki yana da haɗari uku ga mutum, kuma sun fi lalacewar inji tsada.

Na farko ƙuna. Mun faɗa cewa ruwan lagireto yana kaiwa digiri 120 a matse. Wanda ya buɗe murfin a wannan hali, ruwan yana tashi gaba ɗaya ya watsu a fuska da ƙirji da hannu. Yaran mota ne suka fi faɗawa wannan, domin su ake aikawa. A jira aƙalla minti 30. A taɓa babban tiyo na sama da tsumma: in yana da tauri kamar tayar keke mai iska, lokaci bai yi ba. In ya yi laushi, a rufa tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan iska ta fita, fuska tana gefe. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai tsananin zafi, yana iya tsaga kan.

In ƙuna ta faru, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, a yi ta zubawa har minti 20. A cire zobe da agogo tun hannu bai kumbura ba. Kada a shafa baƙin mai, ko man goge baki, ko ƙwai, ko toka. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi faɗin tafin hannun mai ita, ko tana fuska, ko hannu, ko al'aura, ko kuma yaro ne, a kai shi asibiti mafi kusa. A cikin gari akwai Babban Asibitin Ƙasa na Zinder.

Na biyu guba. Ruwan sanyaya inji mai launi yana ɗauke da wani sinadari mai suna etilen gilikol. Yana da zaƙi a baki, launinsa kuma kamar lemon kwalba. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe yaro ko akuya. Da farko wanda ya sha yana tangaɗi kamar mai maye, yana amai. Daga baya sai a ga kamar ya samu sauƙi, alhali cikin kwana 1 zuwa 3 ƙodarsa take lalacewa. Kada a jira alama, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi asibiti nan da nan tare da jarkar abin da ya sha. Kada a taɓa ajiye wannan ruwa, ko ragowar ruwan liƙi, a robar ruwan sha. Wanda aka tsiyaye daga mota kuma kada a zubar kusa da rijiya, ko kwamin garka, ko inda dabbobi suke sha. Shi kansa ruwan liƙi mai silikat yana ƙona ido. In ya fantsama, a wanke ido da ruwa mai yawa na minti 15, a je a ga likita.

Na uku hayaƙi. Inji da yake aiki a rufaffen wuri yana tara wata iska marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da jiri, mai kisa. Shi ya sa muka ce a yi aikin a fili. Masu injin niƙa su tabbata bututun hayaƙi ya fita waje ta bango, ɗakin kuma yana da taga.

Gyaran gaske

Ko liƙi ya kama ko bai kama ba, ƙarshen maganar dai garaji ne. Yana da kyau mai mota ya san abin da ya kamata a yi masa, don ya tsaya a kan aikinsa. Makanike zai kwance kai, ya kankare fuskokin biyu tas. Sai ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan ya auna ko ta lanƙwashe. A yawancin injuna, ratar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ta yi yawa. Wannan kaurin takardar littafi ne kawai, ido ba ya gani. In ta wuce, sai a kai kan wurin masu injin wasa ƙarfe su daidaita fuskar. Wanda ya ɗora sabon gasket a kan lanƙwasasshen kai zai dawo garaji ba da daɗewa ba.

Sabon gasket ana shimfiɗa shi a bushe, ba a shafa masa gam sai in masu injin sun ce a shafa. Tsohon da aka cire ba ya komawa. Ana ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awon ƙarfi. A wasu sababbin motoci notunan ma sau ɗaya ake amfani da su. A Peugeot 504 akwai abin kiyayewa na musamman: hannayen silindarta a zaune kawai suke cikin ruwa, kan ne yake danne su. In an cire kai aka juya inji ba a danne su ba, suna iya motsawa, ruwa ya samu hanya ta ƙasa zuwa cikin mai.

A gaya wa makanike gaskiya in an taɓa zuba ruwan liƙi, don ya wanke lagireto ya duba tamostat. A canza baƙin mai da matatarsa. Sannan a nemo abin da ya kawo zafin tun farko, bel ne ko tiyo ko famfo ko murfi, a gyara shi a ranar. Ga ruwan da za a zuba bayan gyara, wanda ya samu na jarka shi ya fi, domin yana hana tsatsa. Wanda bai samu ba ya tari ruwan sama mai tsabta da damina, ya tace, ya ajiye a rufaffiyar jarka. Ba shi da gishirin da yake yin ɓawo kamar na rijiya.